Takalmin Dama, Lamba Arba'in da Uku

Shekara goma sha ɗaya shagona na gyaran waya yana manne da shagon Baba Basilla. Bango ɗaya ya raba mu, bangon ma na katako. In ya yi tari ina ji, in na yi tsaki yana ji, har ya ɗaga murya ya ce, "Wayar wa ka kashe kuma, ɗana?"

Baduku ne, mai ɗinka takalman fata da hannu. Sunan Basilla ya samo shi ne daga babbar allurar nan tasa mai mariƙin katako, wadda ba ta rabuwa da aljihun gaban rigarsa, har ta huda masa riguna ba adadi. A hannun mahaifinsa ya koyi sana'ar tun yana ɗan shekara tara. Shagon ƙarami ne: benci ɗaya, tebur da ya sha yankan wuƙa har tsakiyarsa ta lotsa, katakan ƙafa rataye a ƙusoshi daga lamba talatin da shida zuwa arba'in da shida, sai warin gam da na fata da ke bin mutum har gida.

'Yarsu ɗaya ce, tana aure a nesa. Saboda haka daga shi sai matarsa, wadda yake kira Manaja. Kullum da rana takan zo da kwanon abincinsa, ta ajiye, ta ɗauki takalmin da ya gama ta juya shi gaba da baya kamar mai neman laifi.

"Wannan ɗinkin ya karkace, Malam."

"Idonki ne ya karkace, Manaja."

"To ka bari mai shi ya zo ya faɗa maka."

Sai ta tafi sannan ya ɗauko takalmin ya warware wurin ya sake. Na sha kama shi yana yi. Yakan ce mini, "Kada ka kuskura ka gaya mata."

Tana da ciwon suga tun kafin in san su. Ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, ita ce ma mai yi wa ciwon ba'a, wai zaƙinta ne ya yi yawa har ya gangara cikin jini.

Da takalman roba suka cika gari, ciniki ya ja baya. Wata rana sai a wuni babu wanda ya leƙo sai mai son a manne masa silifa. Ni na ba shi shawarar mu saka kayansa a kasuwar intanet. Na buɗe masa shago a manhajar, na ɗauki hotunan takalman a kan farin ƙyalle, na koya masa yadda abin yake: mai saye ya zaɓa, masu kai kaya su zo su ɗauka su kai masa. Ba ka ganin lambar wayarsa, ba ya ganin taka. Duk maganar da za ku yi sai ta akwatin saƙon manhajar. In ya ji daɗin kaya ya ba ka taurari, daga ɗaya zuwa biyar.

Cikin wata shida Baba ya zama gwani. Ya sayi tabarau saboda karatun saƙo, yana rubutu da yatsa ɗaya, harshe a waje. Taurarinsa biyar cif, kuma ba abin da yake ji da shi kamarsu. Manaja ta sauya masa suna, ta koma kiransa Janar.

"Janar mai taurari biyar, ga abincinka. Ko sai an busa maka ƙaho?"

A cikin wannan lokacin ne wani saƙo ya shigo. Mai sayen ya sa wa kansa suna Tsohon Direba, babu hoto. Ya rubuta: "Barka da aiki. Ana sayar da ƙafa ɗaya? Ta dama, lamba 43."

Baba ya kira ni yana dariya ya nuna mini. Ya amsa masa da cewa takalmi biyu-biyu ake haifarsa, ba a raba shi da ɗan'uwansa. Bayan mako biyu mutumin ya sake tambaya, kalmomin nan dai ba ƙari. Baba ya ce ba a yi. Bayan wata guda ya sake.

A gaskiya muna da dalilin zargi. A watan nan wasu marasa aikin yi sun dame shi, su yi oda ya yanka fata sannan su fasa, wani ma ya turo hoton ƙafar akuya yana tambayar lambarta. Sai muka jefa direban a cikinsu.

Daga baya ya yi odar takalmi cikakke, baƙi mai maɗauri biyu. Baba ya ce, "Ka gani, ya gaji da wasa." Ya ɗinka, aka kai. Kwana huɗu sai ga ɗan kwali an maido. A ciki ƙafar hagu ce kaɗai, sabuwa fil, ko ƙura ba ta taɓa ba. A wurin da ake rubuta dalili ya sa: "Ba na buƙatarsa, a ba wani." Bai nemi a mayar masa da komai ba. Amma manhaja ba ta san wannan ba. Ta rubuta cewa an maido wa Baba kaya, ta zare masa rabin tauraro, ta turo masa gargaɗi da jan rubutu.

Ranar kuwa daga asibiti ya dawo. Manaja ta yi tuntuɓe da ƙafar gado wata biyu da suka wuce, ɗan ciwo a babban yatsa, ya ƙi warkewa, likita ya fara magana da wata irin murya da Baba bai so ba. Ya shigo shago da wannan a ransa ya tarar da kwalin da jan rubutun. Ya zauna ya sa tabarau. Ina tsaye a kansa ya rubuta:

"In ƙafa ɗaya gare ka, sanda za ka nema, ba takalmi ba. Ka daina wasa da sana'ar mutane."

Na yi dariya. Ba zan ɓoye ba, dariya na yi har da tafa hannu. Na ce, "Baba, ai akwai maganinsu gaba ɗaya. Toshe shi za ka yi, ba zai ƙara iya saye ko aiko maka da saƙo ba." Na nuna masa ɗigo ukun nan na saman shafin, na nuna masa inda zai danna. Kafin ya danna, saƙon ya nuna an karanta. A ƙasa kuma aka rubuta cewa Tsohon Direba yana rubutu. Baba ya ce, "Ya rubuta wa kansa." Ya danna. Shafin ya yi fari.

Muka manta da shi.

Ciwon Manaja ya ci gaba. Aka cire yatsan, aka ce shi ke nan. Ba shi ke nan ba. Bayan wata takwas aka yanke ƙafar, ta hagu, daga ƙasan gwiwa. Sati biyar Baba bai buɗe shago ba, yana asibiti a kan kujerar roba a gefen gadonta. Da na je dubiya na tarar da ɗakin mai gado goma, mata a jere, wasu bargon da aka rufa musu ya kwanta a inda bai kamata ya kwanta ba. Manaja ta rame, amma bakin yana nan.

"Ɗana, ka ga an rage wa Janar aiki. Yanzu rabin takalmi zai riƙa yi mini."

Baba ya juya fuskarsa wajen taga.

Da aka sallame ta, ya fitar da teburin tsakar ɗaki don keken guragu ya samu wurin juyawa, ya kafa ƙarfe a bangon bayi, ya sauko da tukwane daga kanta zuwa inda hannunta zai kai. Ya koyi dafa abinci yana da shekara sittin da uku. Ita kuma tana zaune tana ba da umarni, wai a ƙarshe dai manajancin ya tabbata.

Ranar da ya dawo shago ya ce mini ta roƙe shi takalmi mai laushi, wanda ba zai goge mata ƙafar da ta rage ba. Ya zaɓi fata mafi taushi da yake da ita. Ina jin wuƙarsa a kan tebur, ƙir, ƙir, kamar kullum. Can sai na ji shiru. Shirun ya yi tsawo har na ajiye abin da nake yi na leƙa.

Yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. A kan teburin ga yanka biyu, dama da hagu. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara hamsin.

Bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, direban nan."

"Wane direba, Baba?"

"Mai ƙafar dama."

 Na zauna a bencin. Ya ce a asibiti ya ga maza irin direban, masu sanduna, ƙafar wando ɗaya a naɗe da fil. Ya gan su sati biyar, amma hankalinsa yana kan matarsa, bai haɗa ba sai yanzu.

"Sau uku ya tambaye ni," in ji shi. "Sau uku, da ladabi. Bai ce ga dalili ba, don me zai ce? Ni ma da aka tambaye ni ina Manaja, cewa na yi tana gida tana hutawa. Kuma ka tuna abin da na rubuta masa?"

Na tuna. Na kuma tuna wanda ya yi dariya.

Nan take muka shiga jerin waɗanda ya toshe, muka buɗe shi. Baba ya ɗauki kusan awa guda yana haɗa saƙo, ya rubuta ya goge. Da ya tura sai manhajar ta ce ba za a iya isar da saƙon ba, wannan mai sayen ba ya karɓar saƙo daga gare ka. Na yi masa bayani: shi ma ya toshe mu.

"To a nemo lambarsa in kira."

Muka buɗe tsohuwar odar. A wurin lambar waya taurari ne ƙanana a jere, sai lambobi biyu na ƙarshe, bakwai da ɗaya. Adireshin kuwa an shafe, don bayan kwana talatin da kai kaya ba ya ƙara fitowa. Baba ya tare masu kai kaya ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya zo ɗaukar oda sai ya tambaye shi ko ya taɓa kai kwali wurin wani mutum mai ƙafa ɗaya. Ɗaya ya ce shi a rana yakan ƙwanƙwasa ƙofa arba'in, ba ya kallon ƙafar kowa. Wani ya ce ko ya sani ba zai faɗa ba, aikinsa zai rasa.

Sai muka tafi ofishin kasuwar, inda ake tara kaya. Wani dogon sito ne mai rufin kwano, kwalaye har sama, a gefe ɗan ɗaki mai gilashi da fanka. Ma'aikaciyar da ke ciki mace ce mai matsakaicin shekaru, ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba. Ya faɗa mata komai, har kalmomin da ya rubuta.

Ta ce, "Baba, lambar tana gabana yanzu haka. Amma ba zan iya ba ka ba."

"'Yata, ba cutar da shi zan yi ba. Haƙuri zan ba shi."

"Na yarda da kai. Amma duk wanda ya zauna a kujerar nan haka yake cewa. Akwai matar da mai sayar da kaya ya samu adireshinta ya riƙa zuwa yana tsayawa a ƙofar gidanta, har sai da ta tashi daga unguwar. Tun daga nan aka kulle. Mutumin nan ya ba mu lambarsa ne don a kai masa takalmi, bai ba mu don mu miƙa wa wani ba."

Baba ya riƙa juya hularsa a hannu. Ta dube shi, ta jawo takarda. Ta ce abin da za ta iya shi ne ta tura masa saƙo da sunan ofis, a tambaye shi ko ya yarda a haɗa su. In ya yarda, shi ke nan. Baba ya faɗa tana rubutawa: "Ni ne badukun da ya yi maka magana marar kyau. Ban sani ba, amma rashin sanin bai wanke ni ba. Matata ma yanzu haka take. Ina so in ɗinka maka na dama, duk irin da kake so, har iyakar raina."

Sati uku muna jira. Duk ƙarar da wayarsa ta yi sai ya ajiye basilla ya lalubi tabarau. Ran nan amsa ta zo daga ofis, layi ɗaya: an tuntuɓi mai saye, bai amince a haɗa ku ba.

Ya karanta ya sake karantawa. Ya shigo shagona ya ajiye mini wayar a kan tebur.

"Kai da kake buɗe wayoyin da aka kulle. Buɗe mini wannan."

"Baba, ba irinsa ba ne. Lambar ba a wayarka take ba, tana wurinsu."

"To shiga wurinsu."

"Ba zan iya ba. Ko da zan iya ma, mutumin ya ce a'a."

"Toshewa dai ka iya koya mini cikin minti ɗaya."

Ya ɗauki wayarsa ya fita. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Ban ga laifinsa ba, don abin da ya faɗa gaskiya ne.

A rana ta uku na kai musu maganin da ya aike ni saye tun kafin rigimar. Na same su a ɗaki, tana kan kekenta tana gyaran wake a faranti, shi yana zaune a bakin gado. Ashe bai taɓa gaya mata labarin direban ba sai a lokacin. Ina shiga yana kaiwa wurin maganar sandar. Ta tsayar da hannunta a cikin waken. 

"Haka ka rubuta, Malam?"

"Haka na rubuta."

"Da ni ka faɗa wa, ni ma ba zan ɗauki wayarka ba." Ta ci gaba da tsince waken. "Ka ƙyale bawan Allah. Ya ji ka, ya ce ba ya so. Yanzu ba shi kake nema wa sauƙi ba, kanka kake nema wa. Ka san abin da ya fi mini ciwo tun da na dawo? Masu zuwa dubiya su zauna su yi ta kuka, ni mai ƙafa ɗaya in koma rarrashinsu. Kada ka ɗora masa wannan aikin."

Baba ya sunkuyar da kai. Ta miƙo mini farantin ta ce, "Ɗana, zubar mini da tsakuwar nan, kuma ku shirya da ubanka. Na gaji da jin shiru daga bakinsa."

Washegari ya sa na ƙara layi a ƙarƙashin kowane hoto a shagonsa na intanet: ana ɗinka ƙafa ɗaya, dama ko hagu, ba sai ka faɗi dalili ba. Manhajar ba ta da gurbin irin wannan, sai muka yi dabara muka saka shi a matsayin kaya na daban. Ba su yi yawa ba. A shekara guda mutum bakwai ne suka nema, biyu daga ciki don 'ya'yansu. Kowace oda ta shigo yakan fara duba lambar takalmin, ko arba'in da uku ce, sannan ya ajiye numfashi ya ɗauko fata. Bai ƙara toshe kowa ba, har masu zaginsa. In na ce ya kamata, sai ya ce, "Bar shi ya gama rubutunsa."

Manaja ta yi shekara biyu a kan keken. Sannan ɗaya ƙafar ta fara, daga diddige. Likitoci suka ce sai an sake yanka. Ta ce a'a. 'Yarsu ta zo ta yi kuka, Baba ya durƙusa a gabanta, ta ce ta gaji, kuma jikinta ne. Ta rasu da hantsi, ranar wata Talata, yana dama mata abin sha a kicin.

Ya dawo shago bayan kwana goma. Yana zuwa a kan lokaci, yana ɗinki, amma da rana in lokacin abinci ya yi sai ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗan jima, ya koma ya zauna. Matata ta riƙa zuba abinci da shi, yakan ci loma uku ya rufe. Idonsa ya fara hazo, ɗinkin ya fara karkacewa da gaske, masu saye suka fara ƙorafi. Taurarin suka sauko zuwa uku. Ko kallonsu bai yi ba.

Bayan shekara 'yarsa ta zo da mijinta da mota, suka ce ba za su bar shi shi kaɗai ba. Bai yi musu ba. Katakan ƙafar ya ba wani baduku na bayan layi, teburin ba wanda ya so, aka bar shi. Ni ya sa in rufe masa shagon intanet ɗin. Manhajar ta tambayi dalilin rufewa, ta jero zaɓi: rashin ciniki, matsala da masu saye, komawa wata kasuwa, wani dalili.

"Wanne zan danna, Baba?"

"Wani dalili."

Ta buɗe akwati a rubuta bayani. Na dube shi. Ya ce in bar shi haka.

Na ɗaukar masa jakarsa zuwa mota. 'Yar ta gyara masa kujerar gaba, ta ɗaura masa bel, yana ta cewa zai iya da kansa. Har mijin 'yar ya tayar da mota Baba ya sa aka tsaya, ya sauke gilashi ya kira ni. Ya ce in gaishe masa da mai shayin bakin titi, ya manta bai yi masa sallama ba, kuma in gaya wa duk wanda zai kama shagon cewa rufin yana yoyo ta kusurwar hagu, kada ya ajiye kaya a wurin.

Na ce to. Motar ta fita daga layin a hankali saboda ramuka, ni kuma na koma ciki, akwai mace tana jirana da wayar da ta faɗa ruwa.